KUMBO MAI SARRAFA KANSA: BAYANI GA JAMA'A GAME DA NA'URORI MASU YANKE SHAWARA A SARARIN SAMANIYA

Jama'a da yawa suna zaton cewa kowane kumbo da aka harba sararin samaniya yana da wani gwani a ƙasa, zaune gaban allo, riƙe da linzaminsa dare da rana. Wannan zato yana da asali, domin haka aka tafiyar da waɗansu daga cikin kumbunan farko. Amma tun da ɗan'adam ya fara aika na'urorinsa gaba da wata, tilas ta sa ya sakar musu linzami kaɗan-kaɗan, har aka kai ga kumbunan da ke zaɓen hanya, su zaɓi wurin sauka, su gano ciwon da ke jikinsu, su nemi maganinsa, ba tare da sun jira izini daga kowa ba. Ya kamata mai karatu ya san dalilin haka, da iyakar abin da waɗannan na'urori ke iyawa, domin ana yawan ƙara wa zancen gishiri.

NISA SHI NE MAFARIN AL'AMARIN

Ana magana da kumbo ta wayar iska, watau rediyo, kuma saƙon rediyo yana tafiya da saurin haske, kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Babu abin da ya fi wannan sauri, kuma babu wata dabara da za ta ƙara shi. Tsakanin duniya da wata akwai kimanin kilomita 384,000, saboda haka saƙo yakan isa cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai. Wannan jinkiri ana iya jure masa. A watan Nuwamba na 1970 Tarayyar Sobiyet ta sauke wata mota mai ƙafa takwas a kan wata, mai suna Lunokhod 1, mutum biyar ne kuma ke tuƙa ta daga ƙasa: shugaba, da direba, da mai duba hanya, da injiniya, da mai kula da eriya. Suna kallon hotunan da take aikowa ɗaya bayan ɗaya, suna ba ta umarni. Da haka ta yi tafiyar kilomita 10 da rabi cikin wata goma.

Duniyar Mars, wadda malaman taurari na da ke kira Mirrihu, lamarinta dabam ne. In ta kusato, saƙo yakan ci minti 3 kafin ya isa. In ta yi nisa yakan ci minti 22, amsa kuma ta ci kamar haka kafin ta dawo. Direban da ya hango rami a gaban motarsa, ya taka birki, birkin bai kama ba sai bayan minti ashirin, ai ba ya cikin masu tuƙi. Sa'ad da motar bincike ta Amurka mai suna Perseverance ta sauka a Mars ran 18 ga Fabrairu, 2021, saukar gaba ɗaya ta ɗauki kimanin minti 7, saƙo kuwa a ranar yana cin minti 11. Watau lokacin da injiniyoyi suka sami labarin cewa kumbon ya shiga iskar Mars, ya riga ya sauka tun mintoci huɗu da suka wuce, ko lafiya ko a tarwatse.

Bugu da ƙari, kusan kowane wata 26 rana takan shiga tsakanin duniya da Mars, ta gurɓata saƙonni, sai a daina aika umarni har kamar mako biyu. Manyan tashoshin da hukumar sararin samaniya ta Amurka, watau NASA, ke sauraron kumbuna masu nisa da su kuwa wuri uku kawai suke: Goldstone a jihar Kalifoniya, da kusa da Madrid a Sifen, da kusa da Kanbera a Ostireliya. Kumbuna da yawa ke rabon lokacinsu, kowa sai ya jira nasa.

ƊAN AIKE DA WAKILI

Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun san bambancin ɗan aike da wakili. Ɗan aike akan faɗa masa abin da zai yi kalma bayan kalma, in ya tarar da abin da ba a faɗa masa ba sai ya tsaya ko ya komo. Wakili kuwa manufa ake gaya masa: ga kaya, ga abin da ake so a sayo, ga iyakar abin da zai kashe. In ya tarar kogi ya kawo, shi zai yanke shawarar sake hanya ko jira. Yawancin kumbuna 'yan aike ne. Ana rubuta musu jerin umarni, kowane da lokacinsa, a aika, kwamfutar da ke ciki ta bi su daki-daki. Abin da masana ke nema tun shekaru hamsin da suka wuce shi ne mayar da ɗan aiken nan wakili.

Matakin farko shi ne koya wa na'ura ta san muhimmi daga marar muhimmanci. Ran 20 ga Yuli, 1969, kumbon Apollo 11 yana gab da sauka a kan wata, sai aiki ya yi wa kwamfutarsa yawa, ta shiga ba da gargaɗi. Sashen da Margaret Hamilton ke shugabanta ya riga ya tsara manhajar, watau jerin umarnin da ke tafiyar da kwamfuta, ta yadda in haka ta faru za ta zubar da ƙananan ayyuka ta riƙe manya. Haka kuwa ta yi, aka sauka lafiya.

Kumbunan Voyager guda biyu da aka harba a 1977 an ba su irin wannan kariya. In suka daɗe ba su ji daga gida ba, ko wani sashe ya lalace, akwai matakan da za su ɗauka da kansu. A watan Yuli na 2023 aka aika wa Voyager 2 umarni bisa kuskure, eriyarsa ta kauce daga duniya da digiri 2, magana ta yanke. Hankalin injiniyoyi bai tashi ƙwarai ba, domin an tsara shi ya riƙa daidaita fuskarsa da kansa sau da dama a shekara, na gaba kuma zai zo a watan Oktoba. Ba a ma kai ga haka ba, tashar Kanbera ta aika saƙo mai ƙarfi a farkon Agusta ya ji, ya juyo.

GWAJIN SHEKARAR 1999

Karo na farko da aka miƙa wa manhaja mai tsara aiki ragamar kumbo mai nisa shi ne a watan Mayu na 1999. Kumbon shi ne Deep Space 1, wanda NASA ta harba a watan Oktoba na 1998 musamman don gwada sababbin dabaru. Sunan manhajar Remote Agent, ma'anarsa wakili na nesa. Sassa uku gare ta. Na farko yana karɓar manufa ya tsara ayyuka da lokutansu, yana la'akari da wutar lantarki da man da ke akwai. Na biyu yana zartar da shirin. Na uku kuwa likita ne: yana ɗauke da bayanin yadda kowane sashe na kumbon ya kamata ya yi aiki, yana gwada wannan da abin da na'urorin awo ke faɗa, in ya ga saɓani ya nemi musabbabinsa.

Injiniyoyi suka shirya mata tarkuna da gangan. Aka nuna mata kamar wani akwatin lantarki ya mutu, ta kashe shi ta sake kunnawa. Aka nuna kamar ɗaya daga cikin ƙananan injunan juya kumbon ya maƙale, ta koma wata hanyar juyawa da ba ta bukatarsa. Wanda ya fi ban sha'awa shi ne da aka sa wata na'urar awo ta faɗi ƙarya. Manhajar ta duba sauran shaidu, ta gane cewa sashen da ake zargi lafiyarsa lau, na'urar awon ce ta lalace, sai ta yi watsi da maganarta. Mai karatu ya riƙe wannan, domin zancen zai sake tasowa.

Sai dai an sami tangarɗar da ba a shirya ba. Kashegarin fara gwajin, lokaci ya yi da za a kashe babban injin kumbon, ba a kashe ba. Da aka bincika sai aka tarar wasu sassa biyu na manhajar sun tsaya cik, kowane yana jiran ɗan'uwansa, kamar mutum biyu a bakin ƙofa kowa na cewa ɗayan ya fara shiga. Kuskuren yana cikin rubutun tun farko, amma bai taɓa bayyana ba a duk gwajin da aka yi a ƙasa, domin sai abubuwa biyu sun faru a jere cikin ƙiftawar ido kafin ya fito. Mutane ne suka gano shi daga ƙasa, suka dakatar da gwajin, bayan 'yan kwanaki aka yi wani na awa 6 aka kammala abin da ya rage.

MOTOCIN MARS

Ƙaramar motar Sojourner da ta sauka a 1997 tafiyar kimanin mita 100 ta yi cikin kusan wata uku. Perseverance kuwa a 2023 ta yi fiye da mita 340 a yini guda. Bambancin ya fi yawa a wajen kai, domin ƙafafun duka biyun a hankali suke juyawa. Motar yanzu tana ɗaukar hoto da kyamara biyu kamar idanun mutum, ta auna tudu da kwari, ta zana hanyoyi da dama a ƙwaƙwalwarta, ta jefar da masu haɗari, ta bi wadda ta fi, tana yin lissafin nan kuma tana cikin tafiya. Waɗanda suka gabace ta sai sun tsaya sun yi tunani sa'an nan su matsa. Wajen sauka ma ita ta zaɓi wurinta: tana saukowa tana ɗaukar hoton ƙasa, tana gwada shi da taswirar da aka ɗora mata, ta kauce wa duwatsu da ramukan kwarin Jezero.

An ƙara wa motocin ikon zaɓen abin da za su bincika. Tun 2016 motar Curiosity, wadda ta sauka a 2012, takan duba duwatsun da ke kewaye da ita bayan ta gama tafiyar yini, ta zaɓi wanda ya dace da siffar da masana suka ce suna so, ta harbe shi da hasken leza don ta san sinadaransa. Kafin haka akan yi harbin a makance, a dace kamar sau ɗaya cikin huɗu. Da manhajar, dacewar ta haura kashi 90 cikin 100. Amma fa masana ne ke faɗar irin dutsen da ake nema. Motar ba ta san dalilin da ya sa ake nemansa ba.

Ɗan ƙaramin jirgi mai saukar ungulu, Ingenuity, wanda nauyinsa bai kai kilo 2 ba, ya fara tashi a Mars ran 19 ga Afrilu, 2021, ya yi tashi 72 kafin fiffikensa ya karye a Janairun 2024, babu ko ɗaya da aka tuƙa kai tsaye daga ƙasa. Haka kuma kumbon DART, wanda aka aika ya daki wani curin dutse mai suna Dimorphos, faɗinsa kimanin mita 160, nisan kilomita miliyan 11 daga duniya: awa 4 na ƙarshe shi ya tuƙa kansa, ya same shi ran 26 ga Satumba, 2022, da gudun kimanin kilomita 6 a daƙiƙa, ya rage lokacin kewayensa da fiye da rabin awa.

SHIN KUMBO YANA RUBUTA WA KANSA MANHAJA?

A nan ne ake yawan ruɗa jama'a. Tsara aikin yini abu ne guda, sake rubuta ainihin umarnin da ke riƙe da ran kumbo wani abu ne dabam. Na farko an daɗe ana yi. Tauraron ɗan'adam mai suna EO-1 ya shafe fiye da shekara goma, har zuwa 2017, yana duba hotunan da ya ɗauka, in ya ga alamar ambaliya ko dutse mai aman wuta ya sake jadawalinsa ya koma ya ƙara ɗauka. Na biyun kuwa hukumomi ba su sakar wa na'ura ba. Manhajar da ke riƙe da kumbo mutane ke rubuta ta a ƙasa, a gwada ta wata da watanni a kan tagwayen na'urar da ke ɗakin gwaji, kana a aika. Ko Curiosity, da saukarta a Agustan 2012, sai da aka ɗauki kwana 4 ana canja mata manhajar sauka da ta tuƙi, wadda aka rubuta a ƙasa.

Abin da ya sami Voyager 1 ya nuna yadda gyara ke gudana a zahiri. A watan Nuwamba na 2023 ya fara aiko da saƙonni marasa ma'ana. Bayan bincike na watanni aka gane cewa ƙwayar lantarki guda ɗaya a ma'ajin wata kwamfutarsa ta mutu, ta tafi da wani yanki na manhaja. Babu wuri guda da zai ɗauki yankin, saboda ma'ajin kwamfutocin kumbon gaba ɗaya bai kai girman hoto ɗaya na wayar hannu ba. Sai injiniyoyi suka yayyanka shi, suka rarraba a wurare dabam-dabam, suka gyara duk inda wani sashe ke kiran wani. Saƙo ya ci awa 22 da rabi zuwa, amsa ta ci haka dawowa, a watan Afrilu na 2024 kumbon ya sake magana daidai. Duk wannan aikin hannun mutum ne.

Duk da haka akwai inda aka kusanci abin. A 2006 NASA ta harba ƙananan taurari uku masu suna ST5, ɗauke da eriyar da kwamfuta ta zana. An ba ta sharuɗɗa, ta ƙirƙiro siffofi barkatai, ta zubar da raunana, ta gauraya masu ƙarfi, ta maimaita sau dubbai, kamar yadda manomi ke zaɓen iri shekara bayan shekara. Abin da ya fito ya yi kama da lanƙwasasshiyar waya, babu injiniyan da zai zana irinsa, amma ya yi aiki. Hukumar sararin samaniya ta Turai kuma ta harba wani ɗan tauraro, OPS-SAT, a Disamban 2019, don a gwada sababbin manhajoji a kansa, har da masu koyo daga abin da suka auna suna can sama. An yi masa dabarar raba kwamfutar gwaji da kwamfutar tsaro, in ta gwajin ta rikice ta tsaron ta karɓe. Ya yi aiki har watan Mayu na 2024.

Tunanin na'urar da za ta haifi irinta kuwa tsoho ne. Masanin lissafi John von Neumann ya yi nazarinsa tun wajen 1948, kuma a 1980 wani taron masana da NASA ta shirya ya zana masana'antar da za ta riƙa gina kanta a kan wata. Har yau a takarda take.

Dalilin taka-tsantsan a fili yake. Manhajar da mutum ya rubuta ana iya bin ta layi-layi a san abin da za ta yi. Wadda ke canja kanta ba a iya rantsuwa a kan halinta na gobe, kumbo kuwa yakan ci kuɗi masu yawan gaske da shekarun mutane, kuma babu makanikin da zai bi shi. Ga kuma ƙarancin ƙarfi: tartsatsin da ke fitowa daga rana da taurari yana lalata kwamfutoci, don haka akan yi amfani da masu sulke, waɗanda ba su da sauri. Babbar kwamfutar Perseverance ƙirar shekarun 1990 ce, wayar hannu ta yau ta fi ta sauri nesa ba kusa ba.

IDAN WAKILI YA YI KUSKURE

Ran 19 ga Oktoba, 2016, kumbon Turai mai suna Schiaparelli yana saukowa Mars da laima, sai ya yi lilo fiye da yadda na'urar awonsa ke iya aunawa, na kimanin daƙiƙa guda. Daga wannan gurguwar shaida kwamfutar ta lissafa cewa kumbon yana ƙarƙashin ƙasa. Ba a koya mata cewa wannan ba ya yiwuwa ba. Sai ta saki laima, ta kunna injunan birki na daƙiƙa 3 ta kashe, kumbon ya faɗo daga tsayin kusan kilomita 4.

Na Afrilun 2023 ya fi ban tausayi. Kumbon wani kamfanin Japan, Hakuto-R, yana saukowa wata sai ya bi ta kan gaɓar wani kwari mai zurfin kimanin kilomita 3. Na'urar auna tsayi ta faɗi gaskiya, cewa ƙasa ta yi nisa farat ɗaya. Manhajar ta ga canjin ya yi yawa, ta yanke hukuncin cewa na'urar ta lalace, ta daina sauraronta. Ta ci gaba da lissafinta har ta ɗauka ta iso ƙasa alhali saura kilomita 5, kumbon ya yi ta saukowa a hankali yana neman ƙasa har mai ya ƙare. Dabarar da aka yaba wa Remote Agent a 1999, ta ƙin yarda da na'urar awo, ita ce ta kashe wannan. Bincike ya nuna cewa an canja wurin sauka bayan an gama tsara manhajar, ba a kuma gwada ta sosai a kan sabuwar hanyar ba. Laifin, in an bi diddigi, ya koma kan masu shiri.

Doka ma haka ta ɗauki al'amarin. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967, wadda Nijeriya ke cikinta, ta ɗora alhakin duk abin da aka harba a kan ƙasa, ko na gwamnati ne ko na kamfani, wata yarjejeniya ta 1972 kuma ta bayyana yadda ake biyan diyya. Da tauraron Sobiyet Kosmos 954 ya tarwatse a arewacin Kanada a 1978, gwamnatin Sobiyet ce ta biya dalar Kanada miliyan 3 a 1981. Babu ƙasar da za ta je gaban duniya ta ce na'ura ce ta yanke shawara.

INDA ABIN YA SHAFI NIJERIYA

Nijeriya ta kafa hukumarta ta binciken sararin samaniya, NASRDA, a 1999, ta harba NigeriaSat-1 a Satumban 2003, sa'an nan NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a Agustan 2011, na ƙarshen injiniyoyin Nijeriya ne suka haɗa shi a Ingila. Irin waɗannan taurari masu ɗaukar hoton ƙasa ba su da matsalar nisa, amma suna da ta lokaci: sukan wuce ta kan tasharsu cikin kamar minti goma, sau kaɗan a yini, a wannan ɗan tsakanin ne za su sauke abin da suka ɗauka. Da damina kuwa, lokacin da aka fi bukatar ganin gonaki da ambaliya, hotuna da yawa gajimare ne kawai. A 2020 Turai ta gwada wata manhaja mai suna Phi-Sat-1 wadda ke tantance hotuna tun a sama, ta ware masu gajimare, ta aiko da masu amfani. Ƙasa mai tashoshi kaɗan ta fi kowa bukatar irin wannan.

Kumbunan da ke tafe za su bukaci 'yanci fiye da na baya. Europa Clipper, wanda aka harba a Oktoban 2024, zai isa duniyar Mushtari a 2030, inda saƙo ke cin fiye da rabin awa. An kuma tsara harba Dragonfly a 2028, jirgi mai farfela takwas, ya isa Titan, babban watan duniyar Zuhalu, a 2034. Daga can saƙo yakan ci fiye da awa guda, hazo mai kauri kuma ya rufe ƙasar, saboda haka taswirar da ake da ita ba ta nuna ƙananan duwatsu da ramuka. Duk sa'ad da jirgin ya tashi, shi zai duba ƙasa da idonsa ya zaɓi inda zai dira.